Yadda Na Kasa Cin Abinci a Iskandariyya

A Yelwa an san ni da rashin kunya, kuma ni na nemi sunan da kaina. Tun ina koyarwa a makarantar 'yan mata nake gaya wa duk mai son ji cewa rabin abin da muke kira kunya wahala ce kawai da muka gada ba mu tambayi dalilinta ba. Zaidu ɗana na fari ne, amma sunansa nake kira gatsau, a gida da tsakiyar kasuwa, mata suna kama haɓa. Innata Bafulatana ce ta wajen Shanga, har ta koma ga Allah ba wanda ya taɓa ganin tana tauna a gaban surukanta. Na sha yi mata dariya a kan haka. Takan dube ni kawai, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba Zaidu ya aiko daga Iskandariyya ta ƙasar Masar, inda ya yi karatun likita, cewa ya ga yarinya. Sunanta Sausan, asibiti ɗaya suke aiki. Ubanta, wanda kowa ke kira Ammu Fatahi, tsohon direban tarago ne na cikin gari, kuma ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da bai ga danginsa ba. A zo ya gani da idonsa. In hankalinsa ya kwanta a karanta Fatiha, in bai kwanta ba kowa ya kama gabansa.

Mahaifin Zaidu ya rasu, don haka maganar ta faɗa kan ƙanen marigayin, Wakili. Shi kuwa Wakili zai ƙetare tafkin Kainji a kwalekwale ana iska, amma ko hoton jirgin sama ba ya son gani.

"Ke tahi, Malama," in ji shi. "An ce can maza da mata wuri guda su ke cin abinci, suruki da suruka, ba mai kauda kai. Duk ƙasar Yawuri ba wanda ya dace da mutanen ga kamar ke."

Na ɗauka yabo ne. Na ɗaure kayana, na sa ƙullin busasshen kifi da daddawa na tsaraba, na tafi.

Gidansu a unguwar masunta yake, can saman bene, ta taga kana hango jirage masu fenti shuɗi da ja suna rawa a kan teku. Uwar yarinyar, Hajja Ni'imat, gajeruwa ce mai jiki, ta rungume ni ta sumbaci kumatuna biyu tun ban cire takalmi ba. Suka ce ba zancen masauki, a ɗakin Sausan zan kwana. Larabcin da na koya a zauren mahaifina na littafi ne, in na buɗe baki sai su yi murmushi kamar liman ya shigo kicin, amma muna fahimtar juna.

Da rana aka kira ni cin abinci. Tebur guda, kowa da kujerarsa. Ga shinkafa ja da aka dafa da romon kifi, ga kifi gasasshe tsawon hannu, ga wata koriyar miya mai yauƙi da suke ji da ita ƙwarai, suna ce mata mulukiyya. Na duba da kyau na ga lalo ne, irin wanda ke fitowa a bayan ɗakina ba mai shuka shi. Ammu Fatahi ya zauna daidai gabana, dogon tsoho mai farin gashin baki. Ya yanko tsokar da ta fi kyau da hannunsa ya ɗora min a faranti.

"Bismilla, ya Hajja. Gidanki ne."

Yunwa nake ji, Allah ya sani. Na ɗauki cokali, na ɗebo shinkafa, na taho da ita. Tana kaiwa daidai ƙirjina hannun ya tsaya. Maƙogwarona ya ɗaure kamar bakin buhu. Mutumin nan da zai zama surukina yana kallon bakina, yana jiran ya ga na buɗe shi, na tauna, na haɗiye. Na ce wa hannuna a zuci, kai, ka fa yi karatu, kai ka rubuta wa 'yan mata a allo cewa wannan abin shirme ne. Hannun bai ji ba. Ya mayar da cokalin faranti a hankali, da ladabi, irin ladabin da ban taɓa koya masa ba.

Na ce gajiyar hanya ce. Suka tausaya min. Washegari na ce cikina ne bai saba da ruwansu ba, Hajja Ni'imat ta dafo min wani ganye, na shanye a ɗaki bayan ta fita. Da dabara ta ƙare na ce azumin nafila nake yi, kuma tun da na faɗa dole na riƙe shi da gaske. A nan na gane ban san Misirawa ba. Kafin magariba sun cika teburin fiye da kullum, sun kira maƙwabta biyu, suka zauna suka zuba min ido suna jiran baƙuwa mai ibada ta buɗe baki. Na kurɓi ruwa da kyar, na ce bari in yi salla, na shiga ɗaki na yi ta jera nafila har na ji ana kwashe kwanuka. Ban san ko an rubuta min ladan wannan sallar ba. Ni dai da ni ke rubutawa, da ban rubuta ba.

Da safe na ce likita ya umarce ni da yawan tafiya saboda gwiwa. Na yafa gyalena na sauka.

Kan kwanar farko na tarar da wani mutum da amalanke, a kanta wani babban tulun ƙarfe mai ƙaramin baki a kishingiɗe. Ma'aikatan tashar jirage sun kewaye shi, kowa a tsaye da ɗan kwano. Wake ne da ya kwana a kan wuta har ya narke, ful suke ce masa, a zuba mai da lemun tsami da gishiri, a haɗa maka da gurasa mai zafi da albasa. Na kutsa cikinsu. Hannun nan da ya ƙi motsi a saman bene ya yagi gurasa ya dangwala ba tare da ya nemi shawarata ba. Ƙartin maza kusan goma suna kallona, ko a jikina, don ba 'yar ɗayansu ɗana yake nema ba. Albasarsu dai ba ta kai ta Gungawanmu na tsibiran Yawuri ba, na kuma gaya wa mai wake haka. Ya yi dariya ya ƙara min.

Daga ranar na zama 'yar gari. Kullum in fito da hantsi in bi bakin teku, inda suka gina doguwar katanga mutane na zama a kai suna kallon ruwa, ba su jiran jirgi, ba su wanki, kallo kawai. Mu da muka tashi a bakin ruwa ba mu san ana yi masa haka ba. Na ci ƙosansu, wanda cikinsa kore ne shar saboda ganye. Na ci hanta da aka soya da barkono da tafarnuwa aka cusa a burodi, har hawaye ya zubo min, na ce ashe akwai masu hankali a garin. Na sha ruwan rake da aka matse a gabana, na ci gasasshen dankali daga wata amalanke mai bututun hayaƙi kamar ƙaramin jirgin ƙasa. A kasuwar kifi sai ka zaɓi naka, ka kai wa mai gashi ya birkiɗa shi a dusa ya ɗora a wuta har bayansa ya yi baƙi ƙirin, ka ɓare ka tarar da cikin fari tas yana tururi. A gida an sha gaya min kifin teku gishiri ne zalla, ba ya kama ƙafar giwan ruwa. Masu faɗar haka ba su taɓa ganin teku ba. Na ci na ƙara, ina neman gafarar Kainji.

An kuma gaya mana ƙasar Larabawa kowa malami ne. Na ji mai amalanke yana zagin jakinsa har kakan kakansa da harshen da muke yin alwala kafin mu taɓa takardarsa. Na ga tsofaffi sun fito daga masallaci sun zarce shagon shayi, suna buga wani wasa mai kama da dara a tebur da ƙarfi kamar masu faɗa. Can wajen tsohuwar ganuwar da ke bakin ruwa na sami masu sassaƙa jirage, ƙamshin katako da kwalta iri ɗaya da na garin Wara can wajenmu. Wani tsoho a cikinsu ya nuna min teku ya ce tsohon garinsu yana ƙarƙashin ruwan nan. Na ce namu ma haka, sai dai namu da idona na ga ruwan ya hau shi lokacin da aka datse kogin Kwara. Ya ba ni wuri a kan gungume, muka ci gyaɗa tare.

Abin da ya fi burge ni shi ne matan benaye. Ba su saukowa cefane. Mace za ta leƙo ta baranda ta ƙwala wa mai tumatir kira, ta sauko da kwando da igiya, ya zuba mata, ta ja abinta sama. Na tsaya na yi ta kallonsu ina yaba wayonsu. Bai taɓa zo min a rai ba cewa macen da ta wuni a baranda tana jiran mai tumatir tana ganin duk wanda ya wuce a ƙasa. Ni a tunanina babban birni ne, ba wanda ya san wani. Doguwar tsohuwa baƙa, da atamfa mai zanen tsuntsaye da ɗaurin ɗankwali irin na Yelwa, ita kaɗai a duk unguwar, tana zaton ta ɓace a cikin jama'a.

Da rana kuwa in koma gida a ƙoshe, in zauna a tebur in ce alhamdu lillahi, cikin dai har yanzu.

Ina tsaye wajen mai hanta wata rana, na kai burodi baki ke nan, na ji an ce, "Inna."

Na juyo. Zaidu ne, da farar rigarsa ta asibiti a hannu.

"Ashe cikin ya warke," in ji shi.

Na haɗiye abin da ke bakina, na goge mai a haɓa. Ya ja ni muka zauna a kan katangar bakin teku.

"Mai waken da ki ke zuwa wurinshi kullum ɗan ƙanen Hajja Ni'imat ne. Mai gashin kihi abokin Ammu ne tun suna yara. Jiya wata maƙwabciya ta hau bene musamman ta tambayi Hajja ko girkinta ne ya lalace, tun da baƙuwarta a titi ta ke ci. Hajja ta wuni tana kuka." Sannan ya ce, "Ammu ya ce a dakata da maganar Fatiha. Inna, in ba ki son auren ga, ni za ki gaya ma. Mi sunka yi maki da za ki wulaƙanta su cikin gidansu?"

"Ina son auren. Yarinyar ta kwanta mani."

"To mi ne ne?"

Na kalli teku. Na gwammace a ce min in shanye shi da in faɗi abin da zan faɗa.

"Surukaina ne, Zaidu."

Ya dube ni bai gane ba. Da ya gane sai dariya ta kama shi, har ya dafe katanga. "Ke, Inna? Ke da kin ka tsaya gaban mahauta kina kiran Zaidu, Zaidu, har an ka riƙa yi mani waƙa a makaranta?"

"Ka rage murya."

Dariyar ta tsaya da kanta. Ya ce, "Ba za su yarda ba. Tun kahin ki zo na cika su da labarinki. Na ce uwata ba ruwanta da tsohin al'adu, duk garinmu ita kaɗai ce haka. Da shi na samu Ammu ya saurare ni tun farko."

Wato shekarun da na yi ina gina wannan suna, ga ranar da na zo in jingina da al'ada, sunan ya tsaya a ƙofa ya hana ni shiga.

Na ce ya nuna min inda Ammu Fatahi yake zama. Shagon shayi ne na maza zalla, hayaƙin shisha ya cika shi. Na shiga kaina tsaye na ja kujera na zauna a gabansa, tsofaffin wurin suka bar wasansu suna kallo. Wannan bai dame ni ba ko kaɗan, ka ji irin rabon kunyar da Allah ya yi min. Ya sa aka kawo min shayi a ƙaramin kofin gilashi. Na yi masa bayani da Larabcina na littafi, tiryan-tiryan kamar ina gaban aji: a wurinmu wanda kake girmamawa ba ka ci a gabansa, suruki kuwa ya fi kowa.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Wato mai wake ba ki girmama shi, shi ya sa kika cinye masa rabin tulu."

"Kusan haka ne."

"A wurinmu wanda bai ci gurasarka da gishirinka ba, ba abin da ya haɗa ku. Gobe yana iya wuce ka a hanya." Ya juya cokali a kofinsa. "Bar wannan ma. Na yarda ba ƙyamarmu kike yi ba. Ki gaya min abu ɗaya, ya Hajja. 'Yata tun da aka haife ta ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba. In ta je garinku ta yi girki, wa zai zauna da ita?"

Hankalina ya koma gida. Na san yadda ake yi. Amarya ta kai wa uwar miji kwano ta durƙusa ta ajiye, ta koma ɗakinta ta saki labule ta ci nata da sauri kada a ji motsin bakinta. Miji yana zaure da maza. Haka aka yi min, kuma duk surutuna a aji ban taɓa kawo wannan a cikin abubuwan da nake zagi ba, don ban taɓa ganinsa a matsayin wani abu ba.

"Ni zan zauna da ita," na ce.

Ya dubi shayina, wanda ya huce ban taɓa shi ba. Ni ma na dube shi.

"Gobe Alhamis," in ji shi. "Hajja za ta yi kifi."

Ranar Alhamis ɗin ban karya ba, don yunwa ta taya ni yaƙi. Na fita na zaga unguwar ciki wayam. Mai wake ya ɗaga min ludayi daga nesa, na ɗaga masa hannu na wuce. Matan baranda kuwa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, tun da mun riga mun san juna.

Aka zauna. Ba wanda ya zuba min komai a wannan karon, farantina fari fes, abinci yana tsakiya. Hajja Ni'imat idonta a kumbure. Sausan ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafinta, Zaidu yana zufa kamar shi ya gasa kifin. Ammu Fatahi ya zuba nasa, ya ajiye cokali, ya harɗe hannuwa.

Na ɗaga hannu. Ya taho har bakin tebur ya tsaya, daidai inda ya saba. Na roƙe shi, na zage shi, na tuna masa yarinyar nan da labule. Ko gezau. Idon tsohon nan yana kaina, kuma muddin ina ganin idon ba abin da zai wuce maƙogwarona.

Sai na yi abin da yaro ɗan shekara uku ke yi in yana son ya ɓuya. Na zare tabaraun da kullum ke idona na ajiye a cinya.

Idona ba tabarau ba ya raba mutum da tulu. Nan take teburin ya koma kamar tsallaken ruwa da sassafe, inuwa-inuwa, fari-fari, ba fuska ko ɗaya. Na ji buhun ya kwance. Na ture cokali gefe, na yi bismilla, na miƙa hannu can gabana inda na ga wani abu fari mai faɗi, yadda muke miƙawa tire a gida. Na sami kifi. Ƙaya ba ta buƙatar ido a wurin wadda ta tashi a Yawuri, yatsuna suka zare ta, na haɗa da shinkafa na dunƙula na kai baki. Na tauna, na haɗiye. Da tafarnuwa da lemun tsami da wani abu mai ƙamshi da ban sani ba, ya fi na mai gashi nesa. Na koma na biyu, na koma na uku. Ba wanda ya yi tari a ɗakin.

Zaidu ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Inna. Farantin Ammu ne."

Loma tana hannuna, rabin hanya. Na yi tunanin in mayar, na ga mayarwa ta fi muni. Na yi tunanin in mutu, na ga ba a hannuna yake ba. Na kai ta baki.

Sai na ji ƙarar faranti ana turo shi a kan tebur, har ya taɓa yatsuna. Wata inuwa mai faɗi ta fashe da dariya haɗe da jan majina, na san Hajja Ni'imat ce.

"Ƙara mana shinkafa a nan, ya Ni'imat," in ji muryar Ammu Fatahi. "Ni da Hajja ba ta ishe mu ba. Kai kuma likita, miƙo hannunka."

Suka fara karanta Fatiha bakina cike da kifi. Na yi ta ƙoƙarin haɗiyewa in riske su, amma sai da kowa ya shafa sannan tawa amin ta fito, ita kaɗai. Ban mayar da tabarau ba sai da aka kwashe kwanuka.